Gayyar Rafin Gora

Kabarin Husaina shi ne na ƙarshe a jerin da ke kallon Rafin Gora. Ranar da aka sa ta, tsakaninta da gaɓar rafin akwai filin da mota za ta juya a ciki. Yanzu ruwa ya cinye filin, abin da ya rage bai wuce shimfiɗar tabarma ba. Mijinta, Malam Audi, ma'aikacin gwamnati ne da ke dab da ritaya, kuma shi ne shugaban kwamitin kula da rafin a unguwarsu, can gangaren Abakpa. Kullum idonsa na kan gaɓar nan. Ya sani sarai, in ba a tare ta kafin damina ta kankama ba, matarsa za ta bi ruwa.

Shi rafin ba a gari ya taso ba. Daga wani ƙauye yake gangarowa a bayan Mando, Gidan Lawan, ya ratso gonaki da lambuna kafin ya shigo cikin gidaje. Tun zamanin iyaye akwai al'ada tsakanin mutanen sama da na ƙasa. Kafin ruwa ya sauka, mutanen gari za su hau su taya na ƙauye gayya, a jera duwatsu a kwazazzabai, a dasa ciyawar jema a gaɓa, don ruwan ya riƙa saukowa a hankali. Daga nan su kuma na ƙauyen su sauko su taya na gari yashe rafi da gyaran gaɓa. Ba a biyan kowa. Ka zo da shebur ɗinka, a cika maka ciki da tuwo da kunu, ka koma gida da ciwon baya.

To, bana sai Mai Unguwa Garba na Gidan Lawan ya aiko cewa gayyarsu ranar Laraba ce. Ita kuwa Larabar nan ita aka sa don tantance ma'aikata, kuma kowa ya san wanda bai bayyana ba ya shiga uku. Unguwar su Malam Audi kusan kowane gida ma'aikaci ne. Kwamiti ya zauna a ƙofar masallaci bayan la'asar, aka yi ta juya magana, har Malam Audi ya kawo shawara. Ya ce a yi yadda aka saba in abokin aiki na ɗaurin aure mutum bai samu zuwa ba: a aika da ban haƙuri, a haɗa da abin hannu. Nan take kowa ya ce madalla. Aka cika a-kori-kura da katan-katan na lemo da ruwan leda da biskit da goro, aka tura. Direban ya dawo ya ce Mai Unguwa ya karɓa hannu bibbiyu, ya yi godiya, har da addu'a.

Ka ji mutanen ofis! Su a ganinsu sun fita kunya. Wallahi babu wanda ya yi tunanin ya roƙi a ɗaga ranar zuwa Asabar, babu wanda ya ce a tura samarin nan da ke wuni a gindin dalbejiya suna latsa waya. Mutanen Gidan Lawan suka yi abin da hannunsu ya iya, suka tare wajen da ke saman gonakinsu. Babban kwazazzabon, wanda sai an taru ake iya masa, suka bar shi baki buɗe.

Ranar gayyar gari ta zo, Asabar. Malam Audi ya sa an sauke tifar dutse da buhunan yashi a bakin maƙabarta. 'Yarsa Nafisat ta taho tun da farar safiya daga gidan mijinta a Unguwar Dosa, ta ja ragamar girki, don ta ce aikin uwarta ne, ba za ta zauna wasu su tuƙa mata tuwonsa ba. Aka ɗora manyan tukwane. Maza suka tsattsaya da sababbin shebur suna duban hanya. Hantsi ya yi, rana ta take, shiru. Can sai ga Keke Napep ɗaya tal ta tsaya. Mai keken ya sauke katan-katan na lemo da ƙullin goro, ya ce Mai Unguwa na gaida kowa da kowa, a yi musu haƙuri, uzuri ne ya tsare su.

Malam Audi ya tsaya yana kallon lemon, kunya ta rufe shi tun daga kai har ƙafa, domin ya gane saƙon ba sai an fassara masa ba.

Suka dai kama aikin da kansu. Amma ina! Wannan mai hawan jini, wancan gwiwa ta hana shi sunkuyo, ɗayan tun dutse na uku tafin hannunsa ya yi bororo. Samarin da aka samu suka ɗan taɓa, suka sulale ɗaya bayan ɗaya. Zuwa azahar jeri ɗaya suka iya yi, gajere, bai kai ƙugu ba. Tuwon Nafisat aka riƙa rabawa gida-gida har da waɗanda ba su san an yi gayya ba.

Washegari Malam Audi ya hau Gidan Lawan da kansa. Ya tarar da Mai Unguwa Garba a bakin gona. Suka gaisa, gaisuwa mai tsawo, aka tambayi iyali da gajiya da ruwa, kamar babu komai. Da Malam Audi ya fara ba da haƙuri yana maganar tantancewa, sai tsohon ya ɗaga hannu.

"Malam Audi, mu ba ƙishirwa muka ce muna ji ba," in ji shi. "Hannu muka nema. Mahaifinka har ya tsufa da ƙafarsa yake zuwa, ko dutse ɗaya bai ɗaga ba zai zauna a inuwa a gan shi."

Malam Audi ya sunkuyar da kai. Ya ce laifin nasa ne, shi ya kawo shawarar. Sannan ya faɗi abin da bai yi niyyar faɗa ba. Ya ce kabarin matarsa ne a bakin gaɓar.

Mai Unguwa ya yi salati, ya ce da ya san haka ne da bai bari fushi ya kai su nan ba, shi ya ɗauka yashe kwata ce irin ta kullum. Amma ga shi shuka ta fito, kowa na cikin noman farko, wanda ya saki gonarsa yanzu ciyawa ce za ta ci abincin 'ya'yansa. Ya yi alkawari da zarar an sauke fartanya zai sauko da duk wani mai ƙarfi a ƙauyen. Malam Audi ya yi godiya ya taho. A hanya ya tsaya ya leƙa babban kwazazzabon, ya ga zurfinsa, ya koma mota.

Saura 'yan kwanaki a sauke fartanyar, wata Alhamis da rana, hadari ya haɗu baƙi ƙirin ta wajen Mando. A unguwar ko yayyafin kirki ba a yi ba, mata ma ba su kwashe shanya ba. A can sama aka zubar da ruwan. Ya gangaro ja wur, ɗauke da karan masara da rassan itace, babu abin da ya tare shi a hanya. Malam Audi na ofis liman, Malam Tijjani, ya kira shi ya ce ya taho yanzu. Kafin ya iso, jerin duwatsunsu ya tafi, gaɓar ta tafi, jerin kaburburan ƙarshe gaba ɗaya ya tafi. Ya tsaya a inda ƙasa ta yanke yana kallon ruwa na wucewa ta wurin da Husaina take. Sai da liman ya riƙo hannunsa ya janye shi baya.

Da gari ya waye mutanen Gidan Lawan suka sauko, ba wanda ya kira su. Suka bar gonakinsu, suka bi gaɓa tare da mutanen gari, cikin taɓo har gwiwa, suna duba duk inda ruwa ya yi tarin shara. Abin da aka samu kaɗan ne, 'yan ƙasusuwa da guntayen likkafani, kuma Allah kaɗai ya san na wane ne. Aka haɗa a sabon ƙyalle, aka haƙa rami guda can nesa da rafi, aka rufe, Malam Tijjani ya yi addu'a. Mai Unguwa Garba ya zo ya kama hannun Malam Audi ya daɗe bai saki ba. Malam Audi ne ma ya yi masa sannu da aiki.

Ya koma gida da taɓo a ƙafar wando. Nafisat na zaune a tsakar gida, idanunta sun kumbura. Mata ba sa shiga maƙabarta a unguwar, don haka ita ba ta taɓa ganin kabarin ba, abin da ubanta ya gaya mata shi ne nata. Ta kawo masa ruwa, ta durƙusa, ta tambaye shi ko an same ta. Ya ce an samu wasu, an rufe. Ta ce a cikinsu akwai Mama? Ya ce bai sani ba.

Ta murza bakin mayafinta.

"To Baba," ta ce a hankali, "yanzu in ka je gaishe ta, a ina za ka tsaya?"

Malam Audi ya ajiye kofin ruwan a ƙasa bai sha ba.