Igiya Uku Sun Ɓace a Gonar Cirilo

Nazario Tzoc, kai ka ci mini gona, kai da Lauya Bámaca. Na faɗa a kasuwa, na faɗa a ƙofar coci, yanzu kuma ga shi a rubuce.

Gonar da mijina Cirilo ya bar mini a kan tudu, awonta igiya goma sha biyu ne, da igiya muke auna gona a nan. Haka takardar kakansa ta ce, wadda ta shekara arba'in cikin gwangwanin biskit a ƙarƙashin gadona. Jerin itacen izote, mai farin furen da muke ci, shi ne ya raba ta da gonar Nazario.

Bara aka ce takarda ta daina aiki, kowane fili sai an shigar da shi kwamfuta, kuma lauya kaɗai ke shigarwa. Nazario ya zo har gida ya gaya mini. Shi ya riƙe ɗana ranar baftisma, kompadre nake ce masa, to wa zan yarda da shi in ba shi ba? Ya ce gwiwata ba ta hawan tudu, shi zai raka mai awo. Har kofi na dafa masa.

A ofishin lauya na'ura ta ƙi karɓar yatsana. Shekara hamsin ina juya tortilla, wainar masararmu, a kan kasko da hannu, zanen yatsan ya goge. Bámaca ya yi dariya ya ce, "Doña Petrona, ke da ɓarayi za su samu yatsan nan, da sun huta." Ya ce ba komai, wani ya sa hannu a madadina, kamar yadda ake yi wa marasa karatu. Kafin ya rufe baki Nazario ya miƙe ya sa hannu. Na ce a karanta mini tukuna, tunda haka aka saba. Lauyan ya ce ai har awon ya isa babban birni, dannawa ɗaya ce. Takardar kakan Cirilo kuwa ya jefa ta aljihun tebur.

Da lokacin furen izote ya yi, na yi marmarin cinsa da ƙwai. Nazario ya ce bana bai yi fure ba. Na kowa ya yi, sai nawa? Na ɗauki sanda, rabin yini ina hawa.

Izoten da na sani kaurin cinyata ne. Waɗanda na tarar ba su kai tsintsiyar hannuna ba, sababbin dashe ne, ina za su yi fure! Na kutsa cikin masarar Nazario, can na ci karo da kututturan tsofaffin, an rufe su da ƙasa.

Na same shi yana wasa adda. Ko kai bai ɗaga ba.

"Komadre, tsufa ne. Ki je a duba miki kwamfuta."

"Kwamfutar ce ta hau tudu da gatari?"

Na je ofishin filaye. Ma'aikaciyar ta duba ta ce igiya tara, da sa hannu a madadina, kuma gyara sai ta hannun lauya. Na koma wurin Bámaca neman takardata. Sau uku sakatariyarsa tana cewa ya fita, alhali hularsa na rataye a jikin ƙusa.

Ban iya karatu ba, amma na iya ƙirga kututture: talatin da ɗaya. Bámaca, fito da takardar. Nazario, zo gaban magajin gari da dattawa, mu hau tudun tare, ka faɗa musu wa ya sare su.