Tsaga a Kunnen Shanun Dabo

Shekara goma cur Malam Ɗanladi bai miƙa hannu ya karɓi Jibin Ubangiji ba. Kiristocin Birnin Kudu a wancan zamani ba su fi cikin ɗaki guda ba, duk ma'aikatan gwamnati ne da iyalansu, kowa ya san tarin kowa. Bayan kowane wata uku Fasto Maikano kan zo daga Kano, a gutsuttsura burodi a faranti, a zuba zoɓo a ƙoƙo, a zagaya da su don tunawa da mutuwar Yesu Almasihu. In faranti ya iso gaban Ɗanladi sai ya sunkuyar da kai ya tura wa na kusa da shi. Bakin mutane kuwa ba ya hutu. Wasu suka ce mace ya ajiye a Gwaram, wasu suka ce tsafin kakanninsa Maguzawa ne bai sake shi ba. Matarsa Turai ta yi tambaya har ta gaji, ta yi kuka, shi ma ta gaji. Babu wanda ya canka daidai, domin ba wanda ya kawo wa ransa cewa maganar shanu ce.

A bazarar 1964 gwamnati ta ɗaura yaƙi da bushiya, ciwon nan da kan share garke cikin mako biyu. Ɗanladi yana ɗan shekara ashirin da huɗu a lokacin, sabon malamin allurar shanu, da wandon kaki da takalmi mai ƙara, yana ji da kansa kamar shi ya ƙirƙiro allurar. Maganin yana da sharaɗi ɗaya da aka nanata musu har suka ƙosa: a cikin ƙanƙara yake zama. In ƙanƙara ta narke ya ji zafi, ya tashi daga aiki, ko da kwalba na nan cike fal. Duk saniyar da aka yi wa allura kuma sai a tsaga mata kunne, don wanda zai zo daga baya ya san an gama da ita.

Mota ta sauke shi a Gwaram da kekensa da filas ɗin ƙanƙara, aka ce ya wuce kai tsaye wata ruga a gefen Farin Dutse. Bai wuce ba. Ya gamu da wani da suka yi makaranta tare, ya ja shi wani gida a bayan gari inda ake dafa burkutu, wai ƙoƙo ɗaya kawai don maganin rana. A ƙoƙo na uku Ɗanladi ya lura mutanen wurin ba su taɓa ganin ƙanƙara ba sai wadda ke faɗowa da ruwan sama. Ya buɗe filas ya ɗebo ya jefa wa kowa a abin shansa, ana dariya ana kiransa Bature. Burga ta yi daɗi. Ya yi barci a gindin tsamiya, filas na gefe a buɗe, rana ta juyo ta same shi.

Washegari da hantsi ya isa rugar. Yawancin Fulanin wajen sun kora shanunsu daji, don a ganinsu duk wanda ya zo da kaki jangali ya kawo shi. Mutum ɗaya ne ya tsaya, wani dattijo mai suna Dabo, wanda ya ce shi ya yarda da gwamnati, har ya hana shanunsa fita kiwo tun jiya yana jira. Shanu saba'in ne, farare, ƙosassu. Matarsa Hapsatu ta kawo wa baƙo fura da nono. Ɗansa na fari, Manu, saurayi ɗan shekara ashirin, ya naɗe hannun riga zai riƙe ƙaho. Dabo bai taɓa kiran sunansa ba, kamar yadda ba a kiran sunan ɗan fari. In zai yi maganarsa sai ya ce "yaron nan," yana kallon wani gefe.

Ɗanladi ya sa hannu a filas ya ji ruwa mai ɗumi. Ya sani sarai. Da ya ce, "Baba, magani ya lalace, a ba ni kwana biyu," da iyakar abin da zai same shi faɗan babban malami, in ta yi tsanani kora. Amma ga dattijo tsaye yana kallonsa da girmamawa, ga fura a cikinsa. Kunya ta kama shi, tsoro ya taya ta. Ya soka wa shanu saba'in allurar banza, ya tsaga kunne saba'in, ya hau keke ana yi masa addu'a.

Da shekara ta zagayo bushiya ta ɓullo daga wajen Bauchi. Ma'aikata suka zo a gaggauce da magani kaɗan, aka ce duk mai tsagaggen kunne a bar ta, tana da kariya. Waɗanda suka gudu daji bara su aka yi wa allurar gaske, shanunsu suka tsira. Na Dabo, mai yarda da gwamnati, suka yi ta faɗuwa har saura shida. Ɗanladi ya ji labarin a ofis ana shan shayi. Ba wanda ya bincika, ba wanda ya tambaye shi komai, bayan shekara biyu ma ƙarin girma aka yi masa.

Tun daga nan ya shiga ƙoƙarin wanke kansa. Ya bar giya. Shi ya sassaƙa bencinan majami'a, shi ke share ta, duk Bafillacen da ya zo da saniya mara lafiya kuwa ko ranar hutu ce sai ya bi shi. Mutane suka ce ba a taɓa yin ma'aikaci mai tsoron Allah irinsa ba, shi kuma kowane yabo sai ya ji kamar an watsa masa barkono a gyambo. Ga aiki, ga mata, ga 'ya'ya huɗu, da kuɗin man fetur suka fara zubo wa gwamnati har babur ya saya. Amma a ransa ya riga ya yanke wa kansa hukunci cewa shi ɗan wuta ne, jira kawai yake.

Ranar wata Asabar a 1974 Fasto Maikano ya same shi yana goge benci, ya zauna a kan wanda bai goge ba tukuna.

"Malam Ɗanladi, na tsufa, ban san sau nawa ya rage in zo garin nan ba. Me ke tsakaninka da faranti?"

Ɗanladi ya yi niyyar cewa ba komai, sai ya ji bakinsa ya buɗe. Ya faɗi duka, har da jefa ƙanƙara a burkutu, wadda ita ta fi yi masa nauyin faɗa.

Fasto ya dube shi ya ce, "Zunubi ne, ba zan rage maka shi ba. Ba kuskure ba ne, ka san abin da kake yi. Amma bencinan nan da kake ta sassaƙawa, da su kake son fansar kanka? Ko ka cika garin nan da benci ba za su goge shi ba. Ɗan Adam ba ya wanke zunubinsa da aikinsa, shi ya sa Almasihu ya mutu. Gafara kyauta ce, an riga an tanada, karɓa ce ka ƙi."

"Kyauta, Fasto? Shanu sittin da huɗu?"

"Ko dubu ne. Sai dai an koya mana, in ka zo gaban Allah ka tuna akwai wanda ka zalunta, ka fara zuwa wurinsa tukuna ka nemi sulhu, sannan ka dawo. Mutumin yana da rai?"

"Na ji yana nan."

"To ka je. Zan yi mako guda a nan, mako mai zuwa za mu yi Jibi."

Ranar Talata ya hau babur ya nufi Farin Dutse. Fari ya cinye ƙasar a shekarun nan, gonaki duk sun yi fayau. Inda rugar take a da yanzu bukkoki uku ne da wata 'yar gonar gero. Dabo ya rame, idonsa ɗaya ya yi fari, hannunsa ya yi kanta irin ta mai fartanya. Amma ya gane shi nan take, ya miƙe da kyar ya shimfiɗa masa tabarma.

"Malamin allura! Ashe rai kan ga rai. Hapsatu, ga baƙonmu na da, a dama masa fura."

Fura ta zo, babu nono a ciki sai tsamiya. Ɗanladi ya kasa sha. Ya sauka daga tabarma ya durƙusa a ƙasa.

"Baba, gafara na zo nema. Ni na kashe maka shanu."

Dabo ya yi 'yar dariya. "Haba Malam, kai wa? Kwanansu ne ya ƙare. Kai ka yi naka, ka taho cikin rana ka yi musu allura."

"Ba allura ba ce, Baba. Maganin ya riga ya mutu kafin in iso, na kuma san ya mutu." Ya ba shi labarin ƙanƙara, da tsagar kunne, da yadda tsagar ta sa aka tsallake shanunsa da cuta ta zo. Ya faɗi abin da fastonsu ya ce, cewa sai ya fara zuwa wurin wanda ya zalunta.

Dariyar ta bar fuskar tsohon a hankali.

"Wato bushiya ce ta kashe su."

"Ita ce, Baba."

"Ba wani abu suka ci ba."

"Ba su ci komai ba."

Dabo ya juya kai ya kalli gonar gero, ya yi magana kamar da ita yake. "Da suka fara faɗuwa na ce ai saniyar da gwamnati ta yi wa allura ba ta mutuwa da bushiya, ga na maƙwabta nan tsaye. To me ya ci nawa? Yaron nan ne ke kiwo. A watan ya kai su wata fadama wajen Basirka da na hana shi zuwa, akwai yarinyar da yake so a can. Na ce can ya kai su suka ci mugun abu. Ya rantse min shanu ba su ci komai ba. Na kira shi maƙaryaci a gaban mutane, na yi masa baki, na ce kada ya sake taka min gida."

Ɗanladi ya ce, "Yana ina yanzu?"

"Ya tafi Kano. Da yaƙin basasa ya tashi ya shiga soja. Bayan shekara biyu wani ya kawo mana bargonsa. Ko inda aka binne shi ba mu sani ba. Shekara tara ke nan, in zuciyata ta tambaye ni sai in ce mata ai shi ya jawo. Da wannan nake iya cin tuwo, Malam."

Wata kaza ta zo ta leƙa kwanon furar ta wuce. Ɗanladi ya so a ce tsohon ya ɗauki sanda ya rotsa masa kai, da ya fi masa sauƙi.

"Shanu kam na yafe maka," in ji Dabo, "duniya da lahira. Tashi daga ƙasa, kai babban mutum ne. Amma ina da tambaya. Malamin naku ya ce ka je wurin wanda ka zalunta tukuna. In wanda ka zalunta ya riga ya mutu fa, me ya ce a yi?"

Ɗanladi ya san amsar da aka koya musu tun yana yaro, cewa jinƙan Allah ya fi ƙarfin kabari, babu zunubin da ya gagari gafara. Ya buɗe baki, ya ga ba shi da fuskar da zai faɗa wa wannan mutum haka. Ya rufe.

Tsohon bai jira amsa ba. Ya dafa gwiwa da hannu biyu, ya ce a hankali, "Manu." Ya sake cewa, "Manu." Hapsatu tana tsaye a bakin bukka, ta ji komai tun daga farko. Shekara talatin da haihuwar ɗanta, yau ne ta fara jin sunansa a bakin ubansa. Ta koma ciki ta saki asabari, ba ta ko kalli baƙon ba.

Ranar Lahadi Fasto Maikano ya tare shi a ƙofar majami'a.

"Ka je?"

"Na je."

"Ya yafe?"

"Ya yafe, duniya da lahira."

"To mun gode wa Allah," in ji Fasto, ya dafa kafaɗarsa da farin ciki. Ɗanladi bai gaya masa sauran ba.

Faranti ya zagayo ya tsaya a gabansa. Ba shi da sauran dalilin turawa gaba: Allah ya gafarta, mai shanu ya yafe. Ya miƙa hannu ya ɗauki gutsuren burodin ya sa a baki, ya kurɓi ƙoƙo. Turai ta rufe fuska da mayafi tana kukan murna, mata suka ɗauki waƙar godiya, na kusa da shi ya matse masa hannu. Shi kuwa ya zauna a kan bencin da ya sassaƙa yana jiran sauƙin da aka ce zai zo, bai zo ba. An sauke masa kayansa kaf, wannan gaskiya ne, ya kuma san inda ya ajiye su. Suna can Farin Dutse, a kan tsohon da ya ba shi fura sau biyu.