Riyal Mai Huji Biyu

Ranar kasuwar Jega wani baƙo ya zazzage wa Mudi maƙerin zobe sulallan ƙasashen waje a kan tabarma: sefa, kuɗin Gana, har da tsofaffin riyal.

"Duka ko babu," in ji baƙon.

Mudi ya riƙa jefa su kan uwar maƙera yana sauraro, don ƙarar azurfa daban take. Sai ga wani riyal mai huji biyu. Nan take ya gane shi: shi da hannunsa ya taɓa huda shi, ya ɗaura a makullin motar ƙanensa Safiyanu, direban albasar Aliero da ya ɓace a hanyar Maiyama tun bara.

"Ina kas samo su?"

Baƙon ya matso, ya rage murya.

"Malam, saye kaka yi ko tambaya? Masu yawan tambaya ma ga nasu nan ciki."