Allurar da Ta Tsaya a Biyar

Kwana tara ban zauna wuri ɗaya na ci abinci ba. In na ɗauki loma sai in tuna da motar Yaya Uwaisu, sai in ajiye in miƙe. Ni Yahuza, shekara goma sha shida ina kanikanci a Makarfi, rabin motocin dizal ɗin da ke jigilar rake daga Kudan hannuna suka sani. Amma a-kori-kurar yayana, uwa ɗaya uba ɗaya, ita ce ta tashi zubar min da mutunci.

Abin ma ba wani abu ba ne. Ya kawo min ita na juye mata baƙin mai, na sa mata sabuwar filtar iska, ya tafi. Bayan kwana huɗu sai ga shi fuska a murtuke, wai mota ta mutu a tsaye. In ya ɗoro rake ya zo hawan da ke bayan gada, sai ta riƙa nishi tana aman baƙin hayaƙi, har masu keke suna wuce shi suna yi masa sannu. Tunda kuwa ni na taɓa ta ƙarshe, ai ni na kashe ta.

Da a gida ya faɗa, da da sauƙi. A tashar rake ya faɗa, gaban direbobi, ya ƙara da cewa ranar Asabar ta mako mai zuwa zai kai ta Zariya a sake mata turbo, a hannun waɗanda suka san aiki. Waɗanda suka san aiki! Wallahi ba tsoron rasa masu kawo gyara nake yi ba. Yaya Uwaisu ne ya riƙe hannuna ya kai ni koyon sana'ar nan bayan rasuwar babanmu, kuma tun da na buɗe gareji bai taɓa barin wani ya ɗaga masa bonet ba. Abin da ya hana ni sukuni shi ne ya daina yarda da ni, ni kuma ina so ya dawo ya yarda.

Sai na aika Kaduna aka sayo min agogon auna iskar turbo. Ita turbo, ga wanda bai sani ba, 'yar fanka ce da hayaƙin inji ke juyawa, ita kuma ta cusa wa injin iska da ƙarfi. In iskar ta ragu, mota ta zama raguwa. Na gaji da gardamar baki, na ce bari allurar agogo ta yi magana.

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci na same shi a tasha, an gama yi masa lodi. Na durƙusa na gaishe shi, na tambayi gida da yara, ya amsa yana kallon wani wuri.

"Yaya, ka ba ni awa biyu kawai. In ban gano ba, ni zan raka ka Zariya gobe."

"Ka ƙarasa ta ke nan," in ji shi. Amma ya jefo min makulli.

Na nemo ɗan siririn tiyon da ke fitowa daga bututun da iska ke shiga inji, na yanka shi, na sa mahaɗa mai baki uku, na ɗaure kowane baki tamau. Na ja sabon tiyo ta ramin da wayoyi ke bi zuwa cikin mota, na kafe agogon a kan dashbod inda direba zai gani. Sau biyu sifana tana faɗo min. Ikrima, wani direba mai bakin tsiya da ba ya barin kowa ya huta, ya leƙo ta taga.

"Injiniya, agogo kuma? Motar za ta riƙa faɗa mana lokacin salla ne?"

Ban kula shi ba. Turbo ba ta nuna halinta a tsaye, sai da kaya kuma a kan hawa, don haka na ce Yaya ya ja mu je bayan gada. Da muka fara hawan na ce ya taka totur har ƙasa. Mota irin wannan, allura ya kamata ta kai sha huɗu. Ta ɗaga a hankali, uku, huɗu, biyar, ta tsaya cak. Hayaƙi ya rufe madubi.

"Me ta ce?" in ji Yaya.

"Iska ba ta isa."

"To ai ko agogon naka ya yarda ka kashe ta."

Muka koma tasha, direbobi suka kewaye mu kamar ana rabon nama. Na fara da inda iska kan gudu. Na kaɗa ruwan sabulu na bi kowane tiyo da kowane kilif ina shafawa, Ikrima yana taka min totur, ina jiran in ga kumfa. Babu. Na duba 'yar ƙofar da ke sakin hayaƙi in ƙarfi ya yi yawa, ko ta maƙale a buɗe. Lafiyarta ƙalau. Na kashe mota, na cire babban tiyo, na sa yatsa na taɓa fankar turbo. Tana juyawa sumul, ba karkarwa, ba mai. Wannan turbo da za a jefar gobe ta fi ni lafiya.

Aka kira la'asar, muka je muka dawo. Ban san me na karanta a sallar ba, Allah Ya yafe min. Awa biyuna sun kusa cika, Yaya yana zaune a kan benci yana duba wayarsa, ni kuwa ina zagaye mota, in je gaba in dawo baya, in goge hannu in sake ɓata shi. Na buɗe akwatin filta karo na uku. Filtar da na sa tana nan fes. Nan ne na tsaya. Fes? Mota ta yi kusan mako biyu a hanyar gona, filta ba ta ko yi ja ba?

Akwai wani bututu da ke kawo iska daga waje zuwa akwatin, bakinsa yana ɓoye ta gefen taya. Ban taɓa duba shi ba, don ba abin da ke lalacewa a cikinsa. Na ce Ikrima ya tayar da mota, na kai tafin hannuna bakin bututun. Da kyar na ji yana ja. Na lanƙwasa waya na zura, ta kamo wani abu mai laushi. Na ja a hankali, sai ga gefen ƙyalle, kore mai zanen ganye.

Yaya ya taso ya tsaya a kaina. Shi kaɗai ya gani, sai ni. Na ɗaga kai muka haɗa ido, na ga fuskarsa ta canza. Ya gane ƙyallen, ni ma na gane shi. Ɗankwalin matarsa Sabuwa ne, na ankon bikin ƙanwarmu, wanda rabin matan unguwa suka ɗinka.

Ya sunkuyo, murya ƙasa-ƙasa. "Yahuza, sa shi a aljihu."

Na ji shi sarai. Ba zan yi ƙarya in ce ban ji ba. Amma kwana taran nan ne suka taso min a ƙirji, da maganar waɗanda suka san aiki. Na finciko ɗankwalin gaba ɗaya, na miƙe, na ɗaga shi sama na karkaɗe. Ƙaiƙayin waken suya ya tashi ya bi iska.

"Jama'a, ga turbo ɗin da na kashe! Yaya, wa ya ɗaura wa mota ɗankwali?"

Ya faɗa, don shi ba ya ƙarya. Ranar da ya je ɗaukar waken suya a masussuka, ƙaiƙayi ya yi yawa, sai ya ɗaure bakin bututun da ƙyalle kamar yadda kowa ke yi wa injin ban-ruwa da injin sussuka. Da ya dawo gida bai ga ƙyallen ba, ya ɗauka iska ce ta tafi da shi a hanya. Bai san turbo tana da jan da za ta haɗiye shi ba.

Tasha ta ɓarke da dariya. Ikrima har da faɗuwa a kan rake. "Ashe amarya ce! Malam Uwaisu, ka sayo mata janbaki mana!" Wani ya ce a kira Sabuwa ta zo ta karɓi kayanta. Ni ma na yi dariyar, har da tafi. Mutumin da ya haura hamsin, wanda in ana rikici a tasha shi ake kira ya raba, yana tsaye a tsakiyarsu hannu a baya.

Ya bari suka gama. Ya miƙo hannu na ba shi ɗankwalin, ya ninke shi sau huɗu ya sa a aljihun gaba. Ya jira na mayar da tiyo na ɗaure. Da na kai hannu zan rufe bonet, sai ya riga ni, ya rufe da kansa.

"Yaya, mu koma bayan gada ka ga yadda allurar za ta..."

"Ba sai ka wahala ba," in ji shi. "Aikinka ya yi kyau. Na gode, Malam Yahuza."

Tun da aka haife ni bai taɓa ce min Malam ba. Ya shiga ya ja ƙofa, ya fita daga tasha da cikakken lodi, ina jin turbo tana fito tun daga nesa, ko ɗigon hayaƙi babu. Direbobi suka yi ta dukan kafaɗata, biyu ma nan take suka ce in sa musu irin agogon.

Bai je Zariya ba. Wata biyu ke nan, aiki ya yi min yawa har ina mayar da wasu. Kullum da safe ina zuwa gidansa gaisuwa, yana amsawa cikakkiya, har ya tambayi iyali. Shekaranjiya na wuce ta bakin kasuwa na hango motarsa a garejin wani, bonet a ɗage, ana juye mata baƙin mai. Yana zaune a benci ya gan ni, ya ɗaga min hannu kamar yadda ake yi wa maƙwabci.