Kwalaben Hola Mastura

Saura kaɗan ban rubuta wannan ba. Karatuna bai yi nisa ba, kuma akwai alƙawari a wuyana. Shi ya sa duk sunayen na sauya su.

Ina cikin ciro gurasa daga tanderu na ji cokali yana bugun bututun gas ɗin da ya ratsa katangarmu. Haka maƙwabciyarmu Hola Mastura take kirana tun da gwiwa ta fara ƙi mata. A garinmu Hola ake ce wa tsohuwa, kamar a ce inna. Na naɗe gurasa biyu masu zafi na zaga. Tana kishingiɗe a gadon katako ƙarƙashin rumfar inabi.

"Amarya, ruwa," ta ce. Shekarata huɗu da aure, amma ita har yanzu amarya take ce mini. "Buta uku na shanye tun asuba, maƙogwaron kamar an zuba masa rairayi."

"Hola, ko gurasar ki taɓa."

"Ajiye can. Miƙo mini yaran."

Yaran kwalabe ne guda uku a kan taga, kowacce daga ɗaya cikin 'ya'yanta. Farar daga Ulugbek take, wanda ke aiki a masana'anta a Koriya. Mai jan murfi ta Shaukat ce daga Mosko. 'Yar ƙaramar da ake ɗigawa a cokali kuma Nigora ce ta aiko daga Turkiyya. Kowannensu ya ji tana kukan gwiwa a waya, ya sayi bitamin mafi kyau ya aiko, bai tambayi ɗan'uwansa ba. Ta Mosko ce kawai muke iya harhaɗa rubutunta, ita ma ƙanana ne haruffan.

Ta haɗiye ta kowa, ta kora da ruwa.

"Uwa ba ta zaɓen ɗa," ta ce. "In na bar ta wani, da wane ido zan kalle shi ranar Lahadi?"

Ranar Lahadi suke kiranta da hoto. Sai ta ɗaga kwalba ta girgiza. "Ka gani, taka ta kusa ƙarewa." Shi kuwa sai ya yi murna ya sake aikowa.

Sau da yawa bakina ya ɗauko cewa anya ba su yi yawa ba, sai in haɗiye. A layinmu amarya ba ta gyara wa tsohuwa magana.

Bayan kwana biyu amai ya kama ta, ko shayi ba ya zama. Mijina ya kai mu babban asibiti a Namangan. Aka ɗebi jini. Likitar, wata doguwa mai tabarau, ta tambaye ta wane magani take sha.

"Ni? Ba na shan magani, 'yata. Bitamin ne kawai."

Na ciro kwalaben daga jaka. Likitar ta haska su da waya don ta fassara mata rubutun, ta daɗe tana dubawa.

"Hola, duk ukun nan abu ɗaya ne, riga ce kawai ta bambanta. Na ƙashi ne, kuma masu ƙarfi. Ko ɗaya ce, sai an auna jini a ga ko jiki yana bukata. Tun yaushe kike sha?"

"Tun tsinkar audugar bara."

Likitar ta cire tabarau ta murza ido. "Irin wannan ba ya fita da fitsari, taruwa yake yi. Ƙodarki dama ta gaji, kin ɗora mata kayan jaki uku."

"To wacce zan bari?"

"Duka."

Hola ta yi ajiyar zuciya. "Da sauƙi. Babu wanda zai ji haushi."

Kwana goma sha ɗaya ana ƙara mata ruwa, ƙodar ba ta dawo ba. Ta ce a mai da ita gida, inabinta ya nuna, tsuntsaye na ci. Ni nake kwana da ita ina juya ta, ina jiƙa mata leɓe. Ranar Alhamis bayan la'asar, ina ɓare mata rumman, ta kama wuyan hannuna.

"Amarya, inji ya cinye wa Ulugbek yatsa a can. Da hannun nan ya saya mini. Nigora gidajen mutane take gogewa. Kar su sani. Ki ce tsufa ne."

"To, Hola."

"Ba 'to' ba. Ki ce kin yi alƙawari."

Na yi. Ta tsotsi ƙwayar rumman biyu, ta ce akwai tsami, ta juya fuska wajen rumfar. Kafin magariba ta cika.

Ranar sadakar uku duk 'ya'yan sun iso. Mata suka cika babban ɗaki, ni ina bakin ƙofa ina zuba shayi. Nigora ta buɗe akwatin mamaciya tana rabo: ɗankwali ga wadda ta yi wanka, yadi ga wannan, rigar sanyi ga waccan. Can sai ta jawo wata leda. Kwalabe bakwai ne, ba a ko fasa murfinsu ba.

"Mama kullum yabon su take," ta ce, tana share hawaye. "Hola Salomat, ke ma gwiwa na damunki. Ki ɗauki kowane iri, sauran a raba."

Tsohuwar ta miƙo hannu biyu tana addu'a. Butar ta yi mini nauyi. In na faɗi dalili, na karya alƙawari a gaban 'yarta. In na yi shiru, na san inda hanyar take kaiwa.

"Yaya Nigora," na ce, "ki ba ni su."

Matan duk suka waiwayo.

"Oho! Ashe amaryar tana da baki," in ji wata.

"Gwiwar 'yar shekara ashirin da uku ce ke ciwo?" in ji Hola Salomat. "Ko ɗaya ba za ki bar wa tsohuwa ba?"

Surukata ta watso mini ido. Na kalli tabarma.

"Duka nake so."

Nigora ta dube ni jim. "Ke kika yi jinyarta. Ɗauki."

A bayana na ji ana cewa dama jinyar ba don Allah ba ce, kayan waje aka hango. A hanyar gida surukata ta ce na zubar musu da mutunci a gaban unguwa. 

Washegari na share ƙofar gida na yayyafa ruwa, na ɗauki ledar na nufi ɗakin shan magani don in miƙa wa nas. Na yi sammako, ba a buɗe ba tukuna. Na zauna a benci. Hola Salomat ta zo wucewa tana kora saniyarta, tana dogara sanda. Na tashi na ɗora hannu a ƙirji na gaishe ta, ta kau da kai. Na koma na zauna, na rungume ledar a cinya don ƙwayoyin su daina ƙara, ina kallonta tana ɗingisawa har ta sha kwanar gonar auduga.