Firij ɗin Baba Masinja

Ƙarfe sha ɗaya na safe, rana ta buɗe sosai, zafi har cikin takalmi. Mai gyaran wutar ma'aikatar yana bin ofis-ofis da filaya a hannu. Sabuwar dokar gwamnatin jiha ce: duk na'urar da ba ta da koren tambarin tsimin wuta, a yanke mata filogi kafin masu dubawa su zo gobe. Hita, butar lantarki, tsohuwar fanka, duk ya yanke.

A ɗakin masinjoji, ƙarƙashin bene, ya tarar da wani ƙaramin firij mai tsatsa. Baba Masinja na zaune gefensa.

"Ɗana, wannan kam tsallake shi."

"Baba, takarda ce daga sama."

Tsohon ya buɗe firij ɗin. Ba komai ciki sai kwalaben allura biyu a gwangwanin madara.

"Ta ciwon suga ce. Unguwarmu wata uku ba wuta. In ta sha zafi ta lalace, ni ma na bi ta."

Mai gyara ya hau sama wurin Darakta. Ya iske an sauke sabon firij mai ƙofa biyu, ya fi shi tsawo, koren tambari na ƙyalli a gabansa. Sakatariya tana jera lemo a ciki.

"Ranka ya daɗe, maganar firij ɗin Baba ce."

Darakta ko ɗago kai bai yi ba. "In na bar ɗaya, gobe kowa zai zo da ciwonsa. Jona mini wannan, ka fitar da kwalin da ya zo a ciki."

Da ya duƙa zai jona, ya karanta rubutun bayan firij ɗin. Wutar da yake ci ta ninka ta na Baba sau uku. Ya ja kwalin ya sauko.

"Ya ce a'a, Baba."

"To, yanke mana. Shekara talatin ina hawa benen nan da fayil, ashe ni ne mai cinye wa gwamnati wuta." Ya kwashi takardunsa ya fita aike.

Mai gyara ya daɗe tsaye da filaya. Can idonsa ya faɗa kan kwalin. Shi ma da irin tambarin a jikinsa. Ya ciro reza, ya ɓare shi a hankali don kada ya yage, ya goge ƙofar tsohon firij ɗin da hannun riga, ya manna, ya danne da babban yatsa.

Bayan azahar Baba ya dawo yana haki. Ya ji firij na gurnani, ya ga kore a ƙofarsa, ya shafa.

"Allah ya saka wa Darakta da alheri. Na san ba zai bar ni ba." Ya harari mai gyara. "Ba irinku ba, masu yanke-yanke. Matsa mini."

Mai gyara ya matsa. Ya ɗauki kwalin, ya juya wurin da ya ɓare tambarin ta wajen jikinsa, ya nufi bola.