Fizar Gure

"Ƙarya kake, Mushe," in ji Inusa, yana bugun gwiwarsa da tafin hannu. "Wallahi ƙarya kake. Wanda bai ci fizar Tarabulus ba, to bai ci fiza ba."

Yabawa ta tsaya a bakin zaure da tsintsiya a hannu. Karo na uku ke nan tana share wurin tun safe, don kawai ta samu dalilin tsayawa kusa da mahaifinta Inusa. Yau bayan la'asar zai shiga motar Damagaram, gobe da sassafe babbar mota ta kwashe su zuwa Agadas, daga can sai Dirku, sai Libiya. Shekara huɗu ya yi a tafiyar farko. Tana da shekara goma sha biyu ya bar ta, ya dawo ya tarar ta kusa kamo shi tsawo, har ranar da ya iso ya gaishe ta kamar baƙuwa. Wata biyu kacal ya yi a gida, ga shi har an fito da bidon ruwansa, jarkar tafiya, an ɗinke shi cikin buhu.

"Kai dai ka je ci-rani, ba ka je cin daɗi ba," in ji Mushe Alhasan, yana gyara tabarau. Abokin Inusa ne tun na ƙuruciya, shi ne kuma ke koya wa su Yabawa Faransanci a kolej. Malamai na yajin aiki wata na biyu ke nan, don haka kullum a gindin dogonyaron ƙofar gidansu yake wuni. "A Yamai akwai wani wuri a bakin kogi. Bature ne da kansa ke gasawa. Nama a kai, albasa, tumatir..."

"Nama! Ka ji ko? Ai nan ka tona wa kanka asiri. Kifi ake sawa. Kuma mutanen Italiya da suka ƙago abin, ina suka zauna? Yamai suka zauna ko Tarabulus?"

"Wai mene ne ma abin?" in ji A'i, mahaifiyar Yabawa, daga cikin gida. Tana ɗaure garin gero da dabino a tsumma, ba ta ko ɗago kai ba. Kwana uku ke nan ba ta yi wa mijinta doguwar magana ba.

Inusa ya juyo, fuskarsa ta washe yadda Yabawa ba ta taɓa gani ba tun dawowarsa. Ya zana da'ira a iska da hannu biyu. "Kamar faifai take. Ƙullin burodi ne a shimfiɗe, a shafe shi da tumatir, a zuba cuku a kai, a tura cikin wuta. In ta fito, ka ja yanki ɗaya, cukun ya biyo ka kamar zare. Ƙamshin nan, A'i, tun daga bakin titi yake kama mutum. Akwai ranar da nake kwance a nan gidan, na farka ina jin sa a hancina."

Wannan maganar ta ƙarshe ce ta soki Yabawa. Ashe yana kwance a ɗakinsu, hancinsa yana can. Ta jingina tsintsiyar, ta shiga ɗaki, ta zauna, ta miƙe, ta sake zama. Ta san abin da ke mayar da shi: awakin da suka mutu, da zaman banza a gindin itace. Ba yarinya ba ce, ta san ba abinci ke kai mutum ƙetaren hamada ba. Amma aikin yi ba ta da shi da za ta ba shi, awaki ba ta da su. Ƙullin burodi kuwa akwai shi a Gure. Ta buɗe ƙamus ɗinta ta nemo kalmar, ta tarar layi biyu ne kawai, babu abin da suka ƙara a kan bayanin babanta. Ta yafa mayafi, ta ɗauki gwangwanin kifin sardin ɗaya daga cikin guzurinsa, ta zame ta ƙofar baya.

Rana ta riga ta ɗaga. Yashi na shiga takalminta yana ƙona ta, ita kuwa sauri take kamar an biyo ta. A kasuwa ta samu tumatirin gwangwani da albasa ba wuya. Cukun ne ya sa ta zagaye rumfuna sau biyu, kafin ta hango wata Buzuwa a gefen masu raƙuma, ta jera shi a kan tabarma, fale-fale, busasshe, da zanen karan da aka shanya shi a kai.

"Inna, wannan yana narkewa a wuta?"

Matar ta dube ta sama da ƙasa. "Narkewa? 'Yata, wannan wata shida yake yi a jakar matafiyi bai canza ba. Wa zai so cukun da ke narkewa?"

Yabawa ta tsaya tana juya cukun a hannu. Amma ta ce a ranta, ai matar ba ta taɓa sa shi a tanderu ba, ta ina za ta sani? Ta ɗauki uku.

Gidan burodin Mamadu yana bayan tasha. Da ta bi ta wurin ta ga motar Damagaram an fara ɗaura mata kaya a sama, ta kau da kai. Ta tarar da tsohon zaune a kan buhun fulawa, ya dafe ƙugu, yana numfashi da ƙyar.

"Baba Mamadu, ina wuni. Don Allah ƙulli nake so kaɗan. Da aron wuta."

"'Yar Inusa ce? Wuta kuma yanzu? Ai tun hantsi na kwashe garwashi. Bayan nan nawa ba ya barina in yi gashi biyu a rana kamar da. Me za ki gasa?"

Ta faɗa masa, tana in'ina, tana zana faifai a iska kamar yadda babanta ya yi. Mamadu ya saurara har ƙarshe, sannan ya yi dariya har da tari.

"Wato burodin da aka hana shi tashi, aka kuma zuba masa miya tun bai gasu ba. Allah mai iko. To, tanderun da sauran ɗumi. Sai dai ki bar shi ya daɗe a ciki."

Ta murza ƙullin da kwalba a kan tire. Ya ƙi zama da'ira, ta ja nan ya tsuke can, har ya fito kamar taswirar ƙasar da ke bangon ajinsu. Ta shafa tumatir, ta yanka albasa, ta marmasa sardin. Sai ta tuna Mushe ya ce nama, kada a ce ta goyi bayan wani, ta fita da gudu ta samo kilishi ta yayyaga a rabi ɗaya. Cukun ta kakkarya ta jera a sama. Mamadu ya tura tiren ciki da dogon cebur ɗinsa na katako, ya toshe bakin tanderun.

Daga nan sai jira. Ta leƙa, cukun na nan yadda ta sa shi. Ta fita ta dubi motar, ta dawo ta sake leƙawa. Aka kira azahar, ta yi salla a kan buhu a kusurwa, ta idar ta leƙa. Gefen ƙullin ya yi ja, ya yi baƙi-baƙi, cukun kuwa ko gezau, sai ma ƙara ƙandarewa da ya yi, bakinsa ya ɗan nannaɗe sama.

"Fito da shi haka nan," in ji Mamadu. "In ya ƙara, sai dai a yi ƙofa da shi."

Ta rufe tiren da faifai ta ɗora a ka. A hanya sau biyu tana tsayawa da niyyar juye shi ga awakin unguwa. Ta iso ƙofar gida inuwar dogonyaro ta fara miƙewa gabas. Jakar babanta da bidon suna jingine a bakin zaure. Ya sa rawaninsa na tafiya. Shi da Mushe kuwa ba su gama gardamar ba.

"...kuma a Yamai da wuƙa da cokali mai yatsu ake ci, kamar mutanen kirki."

"Shi ya sa ba ta da daɗi! Da hannu ake naɗe ta!"

Yabawa ta durƙusa ta ajiye tiren a tsakiyar tabarma. Ta ɗage faifan.

A'i ta fito ta tsaya a bakin zaure.

"Mene ne wannan?" in ji Mushe, yana sunkuyowa da tabarau.

"Fiza ce," in ji Yabawa, idonta a ƙasa. "Nan ɓangaren na Tarabulus, nan na Yamai."

Mushe ya buɗe baki zai yi dariya, ya dubi fuskarta, ya rufe. Inusa ya kai hannu ya ja gefe ɗaya. Bai jawu ba. Ya sa hannu biyu, abin ya karye ƙas, wani guntun cuku ya yi tsalle ya faɗa cinyar Mushe. Inusa ya sa a baki. Ana jin ƙarar taunarsa har zaure.

Hawaye suka cika idon Yabawa. "Bai narke ba, Baba. Na jira, na jira, bai narke ba."

"Wannan sai da shayi," in ji Mushe da sauri. "Wa ya taɓa cin cuku ba shayi?" Ya janyo ɗan murhunsa na waya, ya zuba gawayi, ya ɗora buta.

"Mota fa, Alhasan," in ji Inusa.

"Ba a ko kira la'asar ba. Zauna."

Inusa ya juya guntun da ke hannunsa, ya duba ƙasansa, ya ƙwanƙwasa da farce. "A tanderu mai sanyi aka sa ta," ya ce, kamar da kansa yake magana. "Ba haka ake yi ba. Wuta ake so mai ƙarfi, garwashi a ture shi gefe ɗaya yana ci, a shimfiɗa ta a kan dutsen tanderun kai tsaye, ba tire. Kafin ka karanta Fatiha bakwai ta yi. Kuma ƙullin ba a murza shi da kwalba, da yatsu ake buɗe shi daga tsakiya."

"A'a," in ji Mushe. "Ashe kai gwani ne."

"Shekara uku ina hura wutar nan a wani gidan fiza a can. Ni ke kawo icce, ni ke share toka."

"To ɗanɗanon fa? Ta kai ta can?"

Mushe ya zuba shayin farko daga sama, ya mayar, ya sake zubawa har ya yi kumfa, ya miƙa wa Inusa. Inusa ya tsoma guntun a ciki, ya jira, ya ci. Aka kira la'asar, suka yi salla a nan gefen tabarma, suka dawo suka zauna. Mushe ya ƙara ruwa da sukari a buta, yana fifita wutar a hankali, a hankali, kamar mai tsoron kada ta kama.

"Ban sani ba," in ji Inusa can.

"Me?"

"Ɗanɗanon. Ban taɓa ci ba." Ya dubi tiren, bai dubi kowa ba. "Mu ta ƙofar baya muke shiga. Mai wurin ba ya bayarwa, ni kuma duk ranar da na ce yau zan saya, sai in tuna gida. Ƙamshin dai na sha shi har ya ishe ni. Wannan ce ta farko."

A'i ta sa gefen mayafi ta rufe bakinta. Mushe ya cire tabarau yana gogewa da rigarsa.

"To ni ma dai," ya ce, "sau ɗaya ne. A wani taron malamai. Ragowar manyan baƙi aka miƙo mana, ta huce, kamar ana tauna takalmi."

"Shege Alhasan! Da wuƙa da cokali mai yatsu!"

"Ai na hango suna yi!"

Dariya ta kama su har Inusa na share ido da bakin rawani. Yabawa ba ta yi dariya ba, kunnenta na tasha. Sai kuwa ga shi: ƙahon mota, dogo, sau biyu. Haka direban ke yi in ya cika, na uku shi ne na tashi.

Inusa ya ɗago kai. Ya dubi jakarsa. Mushe ya miƙa masa kofi na biyu. Ba sai an faɗa ba, duk garin an san wanda ya karɓi na biyu ba ya tashi sai ya sha na uku, kuma na ukun ko ɗora shi ba a yi ba. Hannun Mushe ya tsaya a iska, tururi na tashi.

Inusa ya karɓa.

"Mamadu ya ce bayansa ba ya barinsa gashi biyu," in ji Yabawa, maganar ta kuɓuce mata da sauri, ba ta ma san ta shirya ta ba.

"Na ji yana faɗa a masallaci." Ya kurɓa, ya karyo wani guntun, wannan karon daga ɓangaren Yamai. Ƙaho na uku ya tashi, suka ji injin ya yi gurnani, ƙarar ta yi yamma tana raguwa har ta ɓace.

"Cukun nan namu ba zai yi zare ba ko a wutar maƙera," in ji Inusa yana tauna. "Amma ki daka shi, ki jiƙa a madara ya kwana, mu ga abin da zai yi. Gobe ki ce wa Mamadu kada ya kwashe garwashin. Ni zan zo in duba wutar."

A'i ta sauko daga bakin zaure, ta ɗauki bidon ruwan da hannu biyu, ta shige ciki. Daga inda take durƙushe, Yabawa ta ji ana juye shi a randa.